Daren Jajibirin Sulhu: Tambayoyin da Ya Kamata Su Hana Shugaba Barci

A ƙarshen watan jiya na je Tsafe ta'aziyyar mahaifiyar wani abokin aikina. Bayan an yi addu'a an shafa, sai hira ta gangara inda duk wata hirar Zamfara ke gangarawa a 'yan shekarun nan, wato maganar sulhu da 'yan bindiga. Wasu na cewa a yi, wasu na cewa an sha yi ba a ga ranarsa ba. Can gefen tabarma akwai wani dattijo da bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja. Da na tashi tafiya sai ya biyo ni har bakin mota, ya ce: "Malam, an ce kai kake koyar da yara a jami'a. Ina da tambaya. In an zauna sulhun nan, wa ake zaunarwa a madadina?" Na ce: "Baba, ai gwamnati ce ke zama a madadin kowa." Ya yi ɗan murmushi, ya ce: "Gwamnati ba ta binne 'ya'ya biyu a rana ɗaya ba. Ni na binne."

Daga baya aka shaida mini cewa ƙauyensu ya watse, damina uku ke nan bai taka gonarsa ba, yana zaune a ɗakin aro da jikoki marayu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan dattijo yana cikin masu son a yi sulhun, domin burinsa ya koma garinsu ya mutu a can. Abin da yake nema kawai a tambaye shi kafin a yafe jinin 'ya'yansa.

A kan hanyar komawa Gusau, muna wuce Dutsen Kwatarkwashi direba na ta sauri don kada la'asar ta riske mu a hanya, sai tunanina ya bar dattijon ya koma kan mutumin da wata rana dole ya amsa wannan tambaya. Kowane yaƙi yana da ranar ƙarewa, kuma mafi yawan yaƙe-yaƙe irin namu a kan tabarmar tattaunawa suke ƙarewa, ko da an ɗauki shekaru ana musun haka. Ke nan akwai wani dare da ke zuwa, wanda shugaban ƙasa zai zauna shi kaɗai da takardar jawabin da zai karanta wa 'yan ƙasa da safe. Mashawarta sun tafi gida, janar-janar sun sara sun fita. Me ya kamata ya riƙa kai-kawo a zuciyarsa a wannan dare? Shi ne abin da nake so mu yi nazari a kai a wannan makon.

Najeriya ta taɓa ganin irin wannan dare. A ranar 11 ga Janairun 1970 Odumegwu Ojukwu ya hau jirgi ya bar Biyafara zuwa Kwaddibuwa. Washegari mataimakinsa Philip Effiong ya yi jawabi ta rediyo ya umarci dakarunsa su ajiye makamai, ranar 15 ga wata kuma aka kammala miƙa wuya a Barikin Dodan da ke Legas. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa ta Zariya, shekararsa 35 kacal a lokacin. An shafe wata talatin ana gwabzawa, an yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, galibinsu ta hanyar yunwa. A gefe guda akwai sojojin da suka rasa abokan aikinsu a fagen daga, a ɗaya gefen kuma duniya ta zuba ido tana fargabar za a yi wa Inyamurai kisan ramuwa. Gowon ya zaɓi afuwa, ya ce babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka yi galaba a kansa, ya yi alkawarin sasantawa da sake gina yankin da farfaɗo da rayuwar jama'arsa.

Wannan shawara ta ceci rayuka, kuma tarihi ba zai manta masa da ita ba. Amma ta bar bashi. Mutanen yankin da suka ajiye kuɗi a banki, da yawansu fam 20 kawai aka ba su, komai yawan abin da suka mallaka. Gidajen da suka bari a Fatakwal aka kira su dukiyar da aka yasar. Ba a zauna aka bi kadin jinin da aka zubar ba, daga na shugabannin da aka kashe a Janairun 1966, zuwa na waɗanda aka kashe a biranen Arewa a wannan shekarar, zuwa na mutanen Asaba a 1967. Yau fiye da shekara hamsin, jikokin waɗanda aka ce su manta ne ke tayar da maganar. Duk da haka Gowon yana da wata sa'a da shugaban yau ba shi da ita: abokin faɗansa kai ɗaya gare shi. Da Effiong ya yi magana, bindigogi suka yi shiru.

Dare na biyu shi ne na marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. A ranar 25 ga Yunin 2009 ya shelanta afuwa ga tsagerun yankin Neja Delta, ya ba su kwana sittin, daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Oktoba, su miƙa makamai. Bai yi haka da ka ba. Kafin nan ya kafa ma'aikata ta musamman domin yankin, ya kafa kwamitin da ya tattaro koke-koken jama'arsa, ya kuma dogara da ikon yin afuwa da sashe na 175 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa. An yi rajistar waɗanda suka tuba, aka yanka musu alawus na naira 65,000 a wata, aka tura wasu karatu da koyon sana'a. Hare-hare suka ragu, haƙar mai ta farfaɗo. Sai dai shirin da aka tsara na 'yan shekaru ya zama ɗawainiyar da har yau ba a sauke ba, wasu jagororin tsagerun suka zama manyan 'yan kwangila, matasan wasu yankuna kuma suka ɗauki darasin cewa gwamnati ta fi jin kiran mai bindiga a kan kiran mai takardar shaida. 'Yar'aduwa bai rayu ya ga ƙarshen abin da ya fara ba, domin a watan Nuwamban wannan shekarar aka fita da shi jinya, ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010.

To, mu dawo gida. Zamfara ta gwada sulhu fiye da sau ɗaya, kuma wajibi ne duk shugaban da zai sake gwadawa ya karanta wannan tarihi kafin ya ɗauki alƙalami. A ƙarshen 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta sasanta da Buharin Daji, aka karɓi makamai, aka ɗan samu lafawa. Ba a jima ba aka koma gidan jiya, shi kansa Buharin a watan Maris na 2018 Dogo Giɗe ya kashe shi, rundunarsa ta tarwatse ta zama dabobi da dama. A 2019 Bello Matawalle ya hau mulki ya buɗe sabon babin sulhu. Gaskiya ne an sako mutane da yawa da ke tsare a daji, wasu kasuwanni sun buɗe, wasu hanyoyi sun biyu na ɗan lokaci, kuma wanda ɗan'uwansa ya dawo gida a wannan tsakanin ba zai yarda a ce masa sulhun banza ba ne. A 2020 har tayin shanu biyu aka yi a kan kowace bindiga ƙirar AK-47. A watan Fabrairun 2021 Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara, ya zo Gusau ya miƙa makamai ya yi rantsuwa da Alƙur'ani. A ƙarshen wannan watan ne aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Kafin ƙarshen Afrilu Daudawa ya koma daji, a can aka kashe shi. Zuwa Satumba gwamnatin da ta kawo sulhun ta ce ta fasa, aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako-mako. A wannan watan ne ma aka sace Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe kimanin wata guda a hannun masu garkuwa.

Ƙasar Tsafe kuwa ta ga wani salon. A watan Yulin 2022 masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru Sarkin Fulani, alhali 'yan sandan Katsina sun daɗe da shelanta nemansa ruwa a jallo tare da sanya ladan naira miliyan 5. Hujjar masarautar ita ce neman zaman lafiya domin talakawa su samu su yi noma. Ƙasa ta ɗauki zafi, gwamnati ta dakatar da sarkin. Bayan wata tara, a Afrilun 2023, aka kwashe kimanin mutum 80 a Wanzamai, galibinsu mata da yara da suka shiga daji neman itace. Gwamna Dauda Lawal ya hau mulki a Mayun 2023 da alkawarin ba zai yi sulhu ba. A watan Satumban wannan shekarar aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau, gwamnan kuma ya fito ya zargi wasu jami'an tarayya da tattaunawa da 'yan bindiga a bayan idonsa. A Janairun 2024 ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. A maƙwabciyarmu Katsina kuma, inda Aminu Masari ya gwada sulhu sau biyu ya ce an ci amanarsa, a 2025 sai ga wasu ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari suna ƙulla nasu sulhun da bakinsu.

Na jero wannan tarihi ne domin mai karatu ya lura da abu guda. Duk waɗannan yunƙuri a matakin jiha ko masarauta ko ƙauye aka yi su. Gwamna ba ya ba soja umarni, 'yan sanda ma na tarayya ne. Idan ya yi alkawarin ba za a kai wa wanda ya tuba farmaki ba, ba shi da ikon cikawa. Idan ya ce zai murƙushe su, ba shi da rundunar. Daji kuma bai san iyakar jiha ba: wanda ya yi sulhu a Ɗanmusa zai iya kwana a ƙasar Tsafe ya yi ɓarna, wanda ya rantse a Gusau zai iya tura yaransa Sabuwa ko Birnin Gwari. Tun daga Janairun 2022 kuma gwamnatin tarayya ta ayyana waɗannan ƙungiyoyi a matsayin 'yan ta'adda bisa hukuncin kotu, wanda ke nufin laifinsu ya shiga hurumin dokar tarayya, afuwarsa ba ta hannun gwamna. Duk ta inda aka ɓullo, maganar tana komawa teburin mutum ɗaya a Abuja.

Bari mu ƙaddara daren ya zo, takarda na gabansa. Tambayar da za ta fara zo masa ita ce: da wa na yi wannan sulhu? A dazukan Zamfara babu Effiong. Akwai dabobi barkatai, kowace da jagoranta, wasu na gaba da juna fiye da yadda suke gaba da gwamnati. Jagoran ma sau da yawa ba ya iya hana yaransa fita, domin biyayyarsu gare shi ta dogara ne da abin da yake samar musu. Wanda ya sa hannu yau, gobe yaransa na iya barinsa su koma wurin wanda bai sa ba. Shugaban da ya san haka ba zai tsaya gaban 'yan ƙasa ya ce yaƙi ya ƙare ba. Zai faɗi sunan waɗanda aka daidaita da su, da yankin da kowannensu ya ɗauki alhakinsa, ya kuma faɗi ƙarara cewa da sauran ana nan ana fafatawa.

Daga nan sai tambayar farashi. Sulhun da ake yi a ƙauyukanmu yau, in za mu faɗi gaskiya, haraji ne. Manomi na biya kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, wani lokaci a tasa ƙeyar gari guda su yi wa ɗan bindiga noma kyauta. Ba na zargin talakan da ya yi haka, domin gaba kura ce baya siyaki, kuma wanda ya kasa kare shi ba shi da bakin yi masa gori. Amma idan hukuma ta ɗauki wannan tsari ta buga masa hatimi, ta zuba kuɗi da babura da muƙamai ba tare da an karɓe makamai ba, to ta saya wa abokin gaba harsashin da zai harbe ta da shi. Ya kamata shugaba ya tambayi kansa: bindiga nawa za a miƙa, wa zai ƙirga, ina za a kai su, kuma me zai hana a miƙa tsofaffi a ɓoye sababbi? A Kolombiya, bayan yarjejeniyar 2016, jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka karɓi makaman 'yan tawayen FARC, fiye da 8,000, suka yi musu rajista ɗaya bayan ɗaya. A Jamhuriyar Nijar an sa hannu kan yarjejeniya da 'yan tawayen Abzinawa ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yau ake hutu dominta, aka ƙone makamai a bainar jama'a a Agadas a shekarar 2000. Duk da haka tawaye ya sake ɓarkewa a 2007, saboda wasu na ganin ba a cika alkawuran da aka ɗauka ba. Idan waɗanda suka ƙirga suka ƙone ma abin ya dawo musu, ina ga wanda ya wadatu da ɗaukar hoto?

Tambaya ta uku ita ce ta dattijon Tsafe, kuma ita ce mafi nauyi. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 mata 4,983 sun zama zawarawa, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun rasa matsugunansu. Wannan lissafi ya tsaya ne a 2019, kafin Jangebe da Wanzamai da Sabon Gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana da haƙƙi a wuyan wani. Zamfara ce jihar da ta fara shelanta aiki da shari'ar Musulunci a 1999, don haka bai kamata a tsallake abin da malaman fiƙihu suka faɗa ba. A mazhabar Malikiyya, ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi haddi yana faɗuwa daga kansa, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan daram. Yafe jini kuwa na magadan mamaci ne, su ne ke da zaɓin su yafe ko a daidaita da su a kan diyya. Shugaba na iya yafe laifin da aka yi wa hukuma, amma ba shi da hurumin yafe 'ya'yan wannan dattijo a madadinsa.

Shugaba Juan Manuel Santos na Kolombiya ya fahimci wani ɓangare na wannan. Lokacin da ake tattaunawa a birnin Habana na ƙasar Kuba, an kai tawagogin waɗanda yaƙin ya cutar, mutum 60, suka zauna ido da ido da waɗanda suka kashe musu dangi, suka faɗi abin da ke ransu. Duk da haka, da aka kai yarjejeniyar gaban jama'a ranar 2 ga Oktoban 2016, sai suka ƙi ta da ƙaramin rinjaye, mafi yawa saboda suna ganin an yi wa masu laifi sassauci fiye da kima. Santos bai yi fushi ya watsar ba, ya koma teburi aka gyara, aka sake sa hannu a watan Nuwamba. A namu zaman sulhun, sau nawa aka kira bazawara ko maraya aka ce su yi magana? Abin da muka saba gani shi ne manyan jami'ai a kan kujeru, 'yan bindiga rataye da makamansu, talakawa kuma daga nesa suna leƙe.

Adalci ya wajabta a juya tambayar ta ɗaya fuskar. Wannan wuta ba daga sama ta faɗo ba. Akwai makiyayan da aka cinye musu burtali da mashaya aka mayar gonaki, akwai waɗanda aka sace musu garke kaf tun kafin kowa ya san kalmar garkuwa da mutane, akwai waɗanda aka tatse a ofisoshin hukuma da kotuna saboda saniyarsu ta shiga gona, akwai kuma Fulanin da 'yan sa-kai suka kashe a tsakiyar kasuwa ba tare da wani bincike ba, don kawai kamanninsu. Su ma suna da marayu da zawarawa, kuma mafi yawan makiyaya ba su taɓa riƙe bindiga ba, hasali ma suna cikin waɗanda 'yan bindigar suka fi talautawa. Wannan bai halatta ƙona gari ko yi wa mata fyaɗe ba, amma shugaban da bai saka shi a lissafi ba zai kashe maciji ne bai sare kansa ba. Haka nan akwai masu cin riba daga cikin gari: masu kai bayanai, masu sayar da mai da ƙwaya da harsashi, masu sayen shanun sata, da masu hannu a haƙar zinare. Kwamitin 2019 ya nuna yatsa ga wasu masu riƙe da sarauta, a 2022 kuma gwamnati ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa irin wannan zargi. Sulhun da ya tsaya a kan mutanen daji ya bar na gari suna cin kasuwarsu ba zai kai damina biyu ba.

Masu goyon bayan sulhu suna yawan kafa hujja da Hudaibiyya, kuma hujja ce mai ƙarfi. A shekara ta shida bayan hijira Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi sharuɗɗan da suka yi wa manyan sahabbai nauyi, har Sayyidina Umar ya kasa ɓoye damuwarsa, daga baya kuma alherin abin ya bayyana. Sai dai mu dubi yadda aka yi shi. An rubuta shi a takarda. An san wakilin kowane ɓangare, Suhailu ɗan Amru ne ya tsaya wa Ƙuraishawa. An yanka wa'adi na shekara goma. An san ƙabilun da suka shiga ƙarƙashin kowane ɓangare. Da Banu Bakar suka auka wa Khuza'a da taimakon wasu Ƙuraishawa, ba a kawar da kai ba, abin da ya biyo baya shi ne buɗe Makka a shekara ta takwas. Wanda zai ari sunan Hudaibiyya, to ya aro har da rubutunta da wa'adinta da hukuncin wanda ya karya ta. Ni dai ban taɓa ganin an buga sharuɗɗan wani sulhun Zamfara an raba wa jama'a su karanta ba.

Akwai kuma tambayar da shugaba ba zai yi wa kowa ba sai kansa: don wa nake yin wannan? Zaɓe na tafe, kuma lafawar wata shida ta isa a yi yaƙin neman ƙuri'a da ita. Jarabawa ce babba mutum ya sayi shirun bindiga na ɗan lokaci, ya bar wa magajinsa ɗaukar gawa. Haka nan jarabawa ce mutum ya ƙi sulhun da zai ceci rayuka don kada a kira shi rago, alhali 'ya'yansa ba sa kwana a Keta ko Nahuce. Zai kuma tuna da sojoji da 'yan sanda da askarawan da suka mutu a waɗannan dazuka, ya tambayi kansa abin da zai faɗa wa iyalansu idan suka ga wanda ya kashe musu miji ana yi masa rakiya da jiniya. Shugaban da waɗannan abubuwa ba su hana shi barci ba, ina tsoron bai fahimci abin da zai sa wa hannu ba.

Ɗalibaina sukan matsa mini su ce: "Malam, kai dai faɗa mana, kana goyon bayan sulhu ko ba ka goyon baya?" Amsata ita ce ina goyon bayan sulhun da hukuma za ta shiga da ƙarfinta, bayan ta nuna wa na daji cewa ci gaba da faɗa asara ce gare su. Ya kasance na tarayya ne da ya haɗa Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Kebbi da Neja a lokaci guda, tare da fahimtar juna da hukumomin Maraɗi, domin kada a matsa nan su ɓulla can. A rubuta shi da Hausa da Fulatanci, a karanta a rediyo. A bambanta yaron da aka ja shi daji yana ɗan shekara goma sha biyu da jagoran da ya ba da umarnin ƙona gari: na farko a ba shi makaranta da sana'a, na biyu ya tsaya gaban alƙali, ko da za a sassauta masa saboda ya miƙa wuya ya faɗi gaskiya. A kafa asusun diyya ga manoma da makiyaya baki ɗaya, kuma a fara biyan wanda aka zalunta kafin wanda ya yi zaluncin ya ga ko sisi. A maido da burtali da mashaya, a kai alƙali da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti inda aka janye su. Abin da ya gaza wannan, sunansa tsagaita wuta, kuma ya kamata a kira shi da sunansa domin kada jama'a su saki jiki.

Na san wannan hanya doguwa ce, kuma wanda ke kwana a daji don tsoron hari ba ya son jin dogon bayani. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, haka ne. Amma mun gwada gajeriyar hanya a 2016, mun sake a 2019, mun ga ta 'Yandoto a 2022, kowane karo kuma 'yan bindigar sun fito daga sulhun da makamai fiye da waɗanda suka shiga da su.

Kafin mu rabu da dattijon nan na tambaye shi: "Baba, da za a kira ka wurin zaman, me za ka ce?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce: "Zan ce su nuna mini wanda ya yi, ya amsa da bakinsa cewa shi ne. In ya amsa, wataƙila in yafe, don ni ma ina neman gafarar Allah. Amma a bari ni in faɗa." Ina roƙon duk shugaban da wannan dare zai riska a kan mulki, kafin ya sa hannu ya aika Tsafe da Bungudu da sauran garuruwan da suka cika da 'yan gudun hijira, a zo masa da irin wannan dattijo ya saurare shi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.